Ummaru Biyu a Kasuwar Jega

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Daga hannun mahaifinka, Ummaru maɗori na Aliero, zuwa ga ɗana Garba. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk zangon da ka buɗe ta. Na sa innarka ta cusa maka ita can ƙasan jaka, ƙarƙashin tsummokaran ɗauri, don na san hannunka ba zai kai wurin ba sai ka yi nisa da gida. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗa maka ido da ido ba. Ka san halina, da zarar magana ta biyo ta kan wautata sai tari ya taso mini.

Za ka Yawuri ka zauna da sana'ar gidanmu. Wajen aiki ba ni da fargaba, na ga yadda kake lalubar ƙashi, hannunka ya fi nawa sanyi. Amma ban ba ka shanu ba, ban ba ka doki ba. Jarin da ka fita da shi suna ne. In ka sauka a garin da ba a san fuskarka ba, ka ce kai ɗan Ummaru maɗori ne, za a miƙo maka ƙafar da ta karye ba tare da gardama ba. To wannan sunan an taɓa sace mini shi da rana tsaka, kuma ni na shimfiɗa wa ɓarawon tabarma. Kana goye a lokacin, shi ya sa ba ka san labarin ba sai gutsattsarinsa.

Abin ya faru shekaru kaɗan bayan zuwan Nasara. Hanyoyi sun buɗe, mutane sun shiga yawo zuwa garuruwan da iyayensu ba su taɓa takawa ba, ana barin kuɗin wuri ana komawa na ƙarfe. Da can in baƙo ya zo, sai an san wanda ya san shi. A lokacin nan kuwa baƙi sun yi yawa har an gaji da tambaya. Wata ranar kasuwa wani dogon mutum ya yi sallama a zaurena, riƙe da wuyan hannunsa da ya yi targaɗe. Ya ce sunansa Ɗanjuma, ɗan koli ne, yana sayar da kwalli da allurai. Har yau ban san ko sunan nan ma nasa ba ne. Na gyara masa hannu, abin da bai wuce ya kwana uku ya tafi ba, amma sai da ya ci tuwon gidanmu har aka gama cirar albasa.

Mutumin ya iya sauraro, ni kuwa Allah ya yi ni da son a saurare ni. Kullum in muna zaune sai ya jefo tambaya. Wa ya koya mini ɗori? Yaya sunan kakana, kuma daga ina ya taso? Wane basarake na taɓa yi wa aiki? Ni kuma in gyara zama in zuba. Na ba shi sunayen kakanninmu a jere, na ba shi labarin dokin da ya kayar da wani hakimi na ɗora masa kafaɗa, har da yadda nake fara bisimilla in tofa kafin in taɓa mutum. In aka kawo mai karaya yakan matso ya riƙe mini karare, yana kallo, yana cewa, "Kai, Malam, wanga aiki sai ku!" Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake yi.

Wannan ne kuskurena na fari. Garba, ka karɓi baƙo, ka ciyar da shi, wannan ba na hana ka. Amma tarihin gidanku da sirrin aikinka ba abin hira ba ne. Ka lura da mai yawan tambaya a kanka wanda in ka tambaye shi nasa sai ya yi dariya ya sauya zance. Na zauna da mutumin nan fiye da wata guda, ya san sunan kakar kakata, ni ko garinsu ban sani ba.

Ranar da zai tafi na yi wautar da ta fi ta farko. Ka san jan burgamin nan da ke rataye a ɗakina, mai wuri uku ɗinke a bakinsa. Na mahaifina ne, a ciki yake zuba kayan aiki, kuma daga Jiga Birni har Maiyama duk wanda ya gan shi ya san na gidanmu ne. Ɗanjuma ya yi ta shafa shi yana yabawa, ya ce tasa jakar ta yage, bai san yadda zai yi da kayan kolinsa ba. Ni kuma na riga na sa an ɗinka mini sabo, sai na ce ya ɗauka. Innarka ta leƙo daga bayan danga ta kira ni.

"Malam, burgamin Baba za ka ba baƙo?"

Na ce, "Tsohuwar fata ce, mi a ciki?"

Ta ce, "Fata ta a wurinka. Mutane in sunka gane ta, kai suka gani."

Na ce mata ta koma ga tukunyarta. Allah ya sani na sha tuna wannan magana tawa da kunya. Ka ji na biyu ke nan: duk abin da mutane suka san ka da shi, jaka ce, zobe ne, sanda ce, ko takarda mai rubutun hannunka, kada ka ba da shi kyauta, kada ka ba da shi aro. In kana son yi wa mutum alheri ka ba shi riga ko hatsi. Kuma in matarka ta ja ka gefe ta ce ka dakata, ka dakata ɗin, ba ya rage maka komai.

Bayan wata biyu ko uku sai labari ya fara zuwa. Wani mutumin Jandutsi ya zo sayen irin albasa, ya ce mini ya ji an ce na je Maiyama na yi aiki ranar kasuwa. Na ce ban je ba. Ya ce to haka dai ake faɗa. Wani kuma ya ce an gan ni wajen Giwa Tazo. Ka san abin da na yi? Daɗi na ji. Na ce a raina sunana ya kai inda ƙafata ba ta kai ba, har mutane na ƙirƙiro mini tafiye-tafiye. Na shiga gida ina ba innarka labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba, tambaya ɗaya ta yi mini, wai ina burgamin Baba yake yanzu. Na yi kamar ban ji ba.

Wannan kuskure na uku shi ya fi ci mini rai, don da na tashi a ranar na ɗaura wa jaki shimfiɗa na tafi Maiyama, da abin da zan faɗa maka yanzu bai faru ba. In ka ji an ce an gan ka inda ba ka je ba, ko ka karɓi abin da ba ka karɓa ba, kada ka bari rana ta faɗi. Ka je da ƙafarka, ka tsaya gaban mai gari da limami, ka ce ga ka, su dube ka da kyau.

Wata safiya ina gyaran karare a ƙofar gida sai ga wata Bafillatana tana jaye da takarkari, wani mutum na kwance a bayansa ya rungume tozo. Sunanta Dudu, mutumin kuwa mijinta ne, Sambo, rugarsu na kusa da Giwa Tazo. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Nan na gidan Ummaru maɗori? A hiddo muna shi!"

Na ce, "Ga ni, baiwar Allah. Lahiya?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ba kai nika nema ba. Maigidanka nika nema, dogon nan mai jan burgami."

Garba, nan take na gane wanda take nufi. Na sa aka sauko da Sambo. Bijimi ne ya taka masa ƙauri, ƙashin ya rabu biyu. Dudu ta ce dogon mutum mai jan burgami ya zo rugarsu, ya ce shi ne Ummaru na Aliero, ya jero musu sunayen kakannina. Ya ce ba ya taɓa mutum sai an biya, suka ba shi karsana, wadda Dudu ta zo da ita daga gidan ubanta. Ya tofa, ya ja ƙafar yadda ya ga ina yi, ya ɗaure, ya kora karsana ya tafi. Da na kwance tsumman sai na ga ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa ya fara kamawa a karkace, tafin ƙafar na kallon waje. Makiyayi ne, abincinsa a ƙafarsa yake.

Maƙwabta suka taru, wasu na cewa in sallame su, ai ba aikina ba ne. Gaskiya ne ba hannuna ba ne. Amma saboda sunana suka yarda, ni kuma na san yadda aka yi sunan ya fita daga gidan nan. Na durƙusa na gaya wa Sambo komai, har da burgamin, ban rage ba. Na ce masa gyara ɗaya ne, sai an sake karya ƙafar, kuma ban yi masa alkawarin za ta koma kamar da ba.

Dudu ta ce, "Wata karsanar kaka so? Ba mu da ita."

Na ce, "Ko anini ba ni karɓa sai ranar da yat taka da ƙahwatai. In bai taka ba, ba ku da bashina."

Sai Sambo ya ɗago kai. Ya ce, "Wancan bai bari munka zauna ba sai da yag ga karsana. Karya, Malam."

Maza huɗu suka riƙe shi. Ya sa sandarsa ta kiwo a baki ya cije, bai yi ƙara ba, ni ne hawaye ya zubo wa. Na ja ƙashin na daidaita, na shafa man shanu, na jera karare na ɗaure. Ya zauna a zauren nan da Ɗanjuma ya zauna, innarka na dafa masa abinci, Dudu na zuwa da nono duk bayan kwana biyu. Ranar da ya miƙe ya taka daga zaure zuwa gindin tsamiya, innarka ta rangaɗa guɗa kamar ana biki. Ƙafar ta miƙe, sai ɗan ɗingishi da ya rage, wanda yake da shi har yau.

Dudu ce ta gano mana mutumin. Ta ba duk mata masu tallar nono labari, su kuma babu kasuwar da ba sa shiga. Wata rana ta zo ta ce an ga jan burgami a Jega. Ranar kasuwa muka tafi mu uku, ni da ita da Sambo. Can wajen masu sayar da gishiri na hango taro, na kutsa, sai ga Ɗanjuma a tsakiya, ya sha rawani da babbar riga, ya baza ƙullin magunguna yana karɓar sulalla. Yana cewa, "Ni na Ummaru ɗan Hassan na Aliero, wanda yaɗ ɗora kahwaɗar hakimi!" Na tsaya ina jin tarihina daga bakin wani, kuma wallahi ya fi ni iya faɗinsa.

Na ɗaga murya na ce ƙarya yake yi, ni ne Ummaru. Ka san abin da mutane suka yi? Dariya. Ka san ubanka, gajere, ga tsohuwar taguwa, ga warin albasa. Wani mahauci ya ce, "Tsoho, in kai na Ummaru, ni na Sarkin Musulmi." Da Dudu ba ta riƙe wa Ɗanjuma riga tana kururuwa ba har dogarai suka zo, da ya sulale.

A gaban alƙali ma da farko abin bai yi mini kyau ba. Aka ce kowa ya faɗi asalinsa. Shi ya jero kakannina tiryan-tiryan, ni kuwa don ɓacin rai na tsallake ɗaya sai da na dawo. Ga burgami a hannunsa. Alƙali ya dube ni ya ce ina shaidata. Kafin in buɗe baki Sambo ya miƙe, ya tako har tsakiyar fili, ya ɗage wandonsa.

"Allah shi gafarta Malam, ni ban san kakan kowa ba. Wanga dogo ya amshi karsana yal lalata min ƙahwa. Wanga gajere bai amshi komi ba, ga ni tsaye."

Alƙali ya aika Aliero aka zo da mai unguwarmu da limami, suka shaida ni. Aka hukunta mutumin, aka mayar mini da burgami. Karsana kuwa ya riga ya sayar ya ci, ɗan abin da aka samu a jikinsa aka ba Dudu, bai kai rabi ba. Da za a fita da shi ya juyo ya ce mini, "Malam, ni ban ɗauki komi naka ba. Kai kab ba ni." Na so in zage shi, amma gaskiya ya faɗa.

Tun daga ranar na kafa ƙa'idar da ka taso ka tarar, wadda kake ta gunaguni a kanta kana cewa tana sa a cuce mu: a gidanmu ba a karɓar ladan ɗori sai mai karaya ya taka, ko ya ɗaga hannunsa. E, wasu sun warke sun gudu, na sani. Amma na bi kasuwanni na sa an yi shela, Sambo da Dudu suka kai maganar rugage, cewa duk wanda ya zo da sunan gidan Ummaru ya nemi a biya shi kafin aiki, ba namu ba ne. Mai son cin sunanmu zai iya haddace kakanninmu, ya ɗinka jan burgami, ya koyi tofi. Zaman wata biyu yana jiran ƙafa ta warke ne ba zai iya ba. Tun lokacin ba a sake yi mana ba. Ka riƙe wannan ƙa'ida a Yawuri ko da yunwa za ka kwana da ita a farkon zuwanka, kuma ka faɗe ta da ƙarfi tun ranar da ka sauka.

Sauran abu biyu. Yanzu zamanin takarda ne, ka ga har a wurin haraji ana sa mutum ya dangwala yatsa. Kada ka dangwala a kan abin da ba a karanta maka ba, kuma mai karantawar ya zama wanda kai ka zaɓa, ba wanda mai takardar ya kawo ba. Na biyu, wata rana wani zai iya zuwa ya ce ni na aiko shi, ba ni da lafiya, ka ba da kuɗi maza-maza. Ko da ya san sunan kowa a gidan nan, ko da ya zo da hulata, ka zaunar da shi ka ba shi ruwa, sannan ka yi masa tambayar nan da na raɗa maka a gindin tsamiya. Ka ga ban rubuta ta a nan ba, don takarda na iya faɗawa hannun kowa. Ubanka ya yi hankali, ko da yake a makare.

Kada wannan labari ya sa ka zama mai zargin kowa. Mutanen kirki sun fi yawa, na gani da idona. A sanadin macuci ɗaya na samu aminai biyu da ban taɓa samun irinsu ba. Ladan da Sambo ya biya ni bayan ya warke ɗan tunkiya ne, amma shekara nawa ke nan man shanun da muke aiki da shi daga rugarsu yake zuwa, ba a taɓa karɓar ko wuri ba.

Hanyarka za ta bi ta Maiyama. Ka ratse Giwa Tazo ka tambayi rugar Sambo, ya san da zuwanka. Da na gaya masa za ka Yawuri, inda ba wanda ya san fuskarka, sai ya ce ba za ka shiga garin kai kaɗai ba. Na ce ya tsufa, tafiyar da nisa. Ya ce yana da dangi a can, kuma ƙafar ai tawa ce, zai kai ta ta yi magana. Zai tsaya a kasuwa ya ɗage wando kamar yadda ya yi a gaban alƙali, ya ce wannan ɗan Ummaru ne, na gasken. Ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni, ka durƙusa wa Dudu, in ta yi maka faɗa ka yi shiru, haka take yi wa wanda take so.

In kun kama hanya, ka dubi yadda yake taka ƙafar hagun nan. Wannan ɗingishin surutuna ne da kyautar da na yi ba tunani, shi yake ɗauke da shi a madadina, bai kuwa taɓa goranta mini ba. Na san ka da sauri, Garba. Ka rage, ka bi takunsa, kada ka shiga gabansa.

Innarka na gaishe ka, ta ce in ƙara maka da cewa ita ta faɗa tun farko. Na rubuta, don gaskiya ce. Allah ya tsare ka a tudu da kwari, ya tsare ka a kan ruwa, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Allah ya sa albarka a hannunka, ya sa duk wanda ka taɓa ya tashi da ƙafarsa, ya dawo mana da kai lafiya da sunanka a tare da kai. Amin.

Mahaifinka,
Ummaru maɗori, Aliero.